Ɗigo Uku a Cikin Jinina

Nasiru bai zo tashar jirgin ƙasa ba. Na tsaya a bakin ƙofa da akwatuna biyu, ina leƙa fuskar duk baƙar fatar da ta wuce, su ma ba su da yawa. A waya ya ce mana shi ɗan Damagum ne, kusa da garinmu, ya daɗe a Hungary, har ya kwatanta mana gidansu a bayan tasha. Shi ya sa mijina, Malam Bukar, ya saki jiki da shi. Ya ce zai kama min ɗaki kusa da jami'a, muka tura masa abin da ya nema, ya turo hoton ɗaki mai labule ruwan hoda. Da na gaji da jira na kira lambarsa, na ji a kashe. Na ɗauki tasi zuwa adireshin da ya ba ni, na tarar da shagon wankin kaya.

Sunana Adama. Na yi shekaru ina aikin lab a wani asibiti a Potiskum, gwajin zazzaɓin cizon sauro da taifot da yawan jinin masu ciki. 'Ya ɗaya gare ni, Zainab, a lokacin tana firamare, kuma tun daga kanta ban sake samun ciki ba. Mun yi na asibiti mun yi na gida har muka haƙura. Da gurbin ƙaro karatu ya fito, Malam Bukar ne ya ce in tafi. Ya ce tunda Allah bai cika min ɗaki da yara ba, wataƙila wannan ne rabona. Na bar Zainab wurin mahaifiyarsa, Hajiya, a unguwar Yindiski.

Matar da ke shagon wankin ta dubi hoton ɗakin a wayata ta girgiza kai, da alama ba ni ce ta farko ba. Ta ba ni kujera kusa da injin busar da kaya don in ji ɗumi, ta yi doguwar waya da yarensu. Can sai ga wata tsohuwa ta shigo, doguwa, siririya, da baƙin ɗankwali ɗaure a haɓa kamar matan ƙauyenmu. Gwaggonta ce, sunanta Ilona, tana da ɗakin haya. Tsohuwar ba ta dubi fuskata ba. Ta dubi tsakiyar jikina ta daɗe tana kallo, har na ja mayafina na rufe. Sannan ta ɗauki akwatin da ya fi nauyi, ta hana ni taɓa shi, ta yi gaba.

Gidanta yana ƙarshen gari, bakin wani kogi da hayaƙin sanyi ba ya tashi daga kansa. Ita kaɗai ce a ciki. Ɗakina yana sama, ana hawa da matakalar katako mai ƙara, kuma daura da ƙofata akwai wata ƙofa da kullum take kulle. Ba ta jin Turanci, ni ba na jin yarenta, sai mu yi magana da hannu, in ta kama dole waya ta fassara mana. Ina kiranta Iya, ta saba da sunan har tana amsawa.

Abin da ya fara damuna a garin shi ne shiru. Ni da na tashi da ƙarar tireloli da kukan shanu ranar kasuwa, da kiran salla daga masallatai goma a lokaci guda, sai ga ni a inda in cokali ya faɗi a ƙasan bene nake ji daga sama. Rana ba ta daɗewa. Azahar da la'asar da magariba suna bin juna kamar ana korarsu, kafin in dawo daga makaranta gari ya yi duhu. Cikin wannan shirun ne na fara jin wani sauti a ɗakina, siriri, yana ɗaukewa yana dawowa, kamar ɗan mage a cikin bango. Na ce bututun ruwan ɗumama ɗaki ne. Na sa karatun Alƙur'ani a waya, na ci gaba da harkata.

A jami'a an haɗa ni da Dakta Marta, mace gajera mai saurin magana, wadda ta ƙarar da ƙuruciyarta a kan abu ɗaya. Ranar farko ta ɗaga kwalbar jini ta ce min, "A cikin jinin mace mai ciki akwai baƙi. 'Yan ƙwayoyin halittar jaririn sukan tsallake mahaifa su shiga jinin uwa. Ɗaya a cikin miliyoyi. Aikinmu mu kamo su." In an kamo su ana iya duba kuromosom ɗin jaririn, wato ƙunshin gadon halitta da kowa ke ɗauke da shi bibbiyu, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. In wani ya zo uku maimakon biyu, akwai matsala. Da can sai an soka doguwar allura a cikin uwa kafin a sani. Su burinsu a sani daga jinin hannu kawai.

Aikin yana da cin rai. A tace jini, a wanke, a sake tacewa, a shafa abin da ya rage a kan gilashi, a zuba masa rini mai haske. Sannan a shiga ɗakin duhu, wani ƙaramin ɗaki a ƙarƙashin ginin, babu taga, sanyi kamar cikin firji, a sa ido a madubin ƙara girman abu. Kowane kuromosom da launinsa. Na mace kore, na namiji ja, mai lamba goma sha takwas shuɗi. Ƙwayar mace takan nuna kore biyu da shuɗi biyu. Haka za ka yi ta wucewa, kore biyu, kore biyu, kamar kana tafiya a daji kana ganin idanun dabbobi, har ka ci karo da wadda ba ta gidan ba. Ban taɓa sabawa da wannan lokacin ba. Mace tana can wani gari tana dafa abinci, ba ta ma fara jin motsi ba, ni kuwa ina nan ina kallon ɗanta.

Jikina bai karɓi ƙasar ba, ko haka na ɗauka. Warin kofi yana tayar min da zuciya, burodinsu ya ƙi shiga, barci kuwa ko a tsaye. Kwaɗayin miyar yakuwa ya kama ni har ina mafarkinta. Daddawar da na ƙunso an ƙwace ta a filin jirgi, sai 'yar tsamiya ta tsira a cikin safa, ita nake tsotsa kaɗan-kaɗan kamar magani. Al'adata dama ba ta da tsari tun da daɗewa, kuma na ɗan ga jini bayan zuwana, don haka tunanina bai je ko'ina ba. Iya Ilona ta daina dafa kofi a gidan ba tare da na roƙe ta ba. Takan ajiye min miyar kabeji mai tsami a ƙofa, in na sauko da kwandon wanki ta karɓe tana faɗa.

Wata safiya na buɗe ƙofa zan fita, na yi tuntuɓe da wani abu. Gadon jariri ne na katako, irin mai lilo, an goge shi tas, an shimfiɗa farin zane a ciki. Ƙofar da take kulle kullum tana buɗe, ɗakin babu komai sai ƙura da sawun inda aka jawo gadon. Iya tana tsaye a ƙasan matakala tana kallona.

Na sauka na miƙa mata waya. Na ce, "Iya, wannan na waye?"

Ta yi magana a hankali, wayar ta fassara da muryarta marar rai: "Na yaron da yake kuka a ɗakinki."

Na ce mata bututu ne, babu yaro. Ta ɗaga kafaɗa ta ce ta shekara hamsin a gidan, ta san kukan bututunta. Na tura gadon jikin bango da ƙafa, na fita ko karyawa ban yi ba. A bas na yi ta karanta duk addu'ar da ta zo bakina, na ƙudura in na samu wani ɗaki zan tashi.

A makon ne Dakta Marta ta ce tana bukatar jinin mace marar ciki don gwada sabon rini, a tabbatar ba ya nuna ƙarya. Ɗalibai sukan bayar da nasu. Na naɗe hannun riga, wata abokiyar karatuna ta ɗiba. Ni na tace shi da hannuna, ni na rina, ni na rubuta sunana a gefen gilashin. Da hantsi na sauka ɗakin duhu ni kaɗai, don aiki ne na cika ƙa'ida, ba a sa ran ganin komai.

Kore biyu, shuɗi biyu. Kore biyu, shuɗi biyu. Ina juya madubin ina tunanin kuɗin makarantar Zainab ko an kai, sai na ga ja.

Na ɗago kai na murza ido. Na ciro gilashin na haska shi da waya, sunana ne. Na mayar. Ƙwayar tana nan, babba, ta fi na kewaye da ita, kore ɗaya da ja ɗaya. Namiji a cikin jinina. Na ce wataƙila hannun wani ya taɓa, ko na haɗa da kayan aikin jiya. Na ci gaba da dubawa, na sami ta biyu, na sami ta uku. Sai a lokacin na tuna ban duba shuɗin ba. Na juya madubin zuwa gare shi, na ƙirga, na sake ƙirgawa da yatsa a iska kamar 'yar aji ɗaya. Ɗigo uku ne. A dukkansu uku ne.

Ban san tsawon zaman da na yi ba. Na dai tuna na ɗora hannu a marata, kuma ɗakin ya yi min kamar ba ni kaɗai ce a ciki ba.

Dakta Marta ta sauko da na kira ta. Ta duba ta daɗe, saurin maganarta ya tafi. Ta ce, "Jinin wace ce?"

Na ce, "Nawa."

Ta kunna fitila ta dube ni. "Adama, wannan irin ƙwayar daga mahaifa take fitowa. Yaushe rabonki da gida?"

Na gaya mata. Ta yi lissafi da ido, ta buɗe durowa ta miƙo min abin gwajin ciki, irin wanda na miƙa wa ɗaruruwan mata a Potiskum. Layi biyu suka fito tun kafin in ajiye shi. Abin da na yi shekaru ina roƙo a sujada ya zo, kuma na san ciwonsa kafin in san da zuwansa.

Ta ce kada in yanke hukunci da wannan, gwajin namu har yanzu bincike ne, wani lokaci mahaifa takan nuna abin da jaririn ba shi da shi. Sai an yi sikanin, an kuma ɗebi ruwan ciki da allura. Na riƙe wannan maganar kamar igiya har ranar ta zo. Ban gaya wa kowa a gida ba. Iya Ilona kuwa ban ce mata komai ba, amma da safen na same ta a bakin ƙofa da kwat da jaka, ta riga ni shiri. A asibiti ta zauna a gefen gadon ta riƙe hannuna da nata mai sanyi. Da hoton ya fito a allo na ga kai, na ga ƙashin baya kamar carbi, na ga zuciya tana bugawa. Likitan ya tsaya a kan zuciyar ya daɗe, ya kira wani, suka yi magana ƙasa-ƙasa. Tsohuwar tana jin abin da suke faɗa, ni ba na ji. A matsar hannunta na gane.

Sakamakon ruwan ya zo daidai da abin da na gani. Dakta Marta ta zaunar da ni a ofishinta ta yi min bayani ba ɓoye-ɓoye. Yawancin irin waɗannan jariran ba sa kaiwa haihuwa, waɗanda suka kai kuma ba sa daɗewa. Ta ce dokar ƙasarsu ta ba ni damar a cire cikin, za ta raka ni, in huta kaɗan in koma karatu. In kuma na tafi gida, ba ta da ikon riƙe min gurbin. Ba ta matsa min ba. Ta ce, "Ke kika gan shi da idonki. Ban taɓa samun uwar da ta riga ni gani ba, ban san me zan ce miki ba."

Na kira Malam Bukar daga tashar bas. Yana shagonsa na kayan gyaran tirela, ina jin bugun ƙarfe da hayaniyar makanikai a bayansa, har kewar gida ta kama ni.

Na ce, "Abban Zainab, ka koma inda babu mutane."

Na ji ya ja ƙofa. Na ce masa ina da ciki, namiji. Kafin in ƙarasa ya fara kabbara, sai da na ɗaga murya na ce ya tsaya ya ji sauran. Na gaya masa duka.

Ya ce, "Yanzu yana da rai?"

"Yana da rai."

"Ke kuma lafiyarki? Zai cutar da ke?"

"Sun ce a'a, sai dai a riƙa lura."

"To me zuciyarki ta ce, Adama? Ni ban yi karatun nan ba."

Na ce ban sani ba. Na ce ina tsoron in ɗauke shi wata tara don kawai in miƙa shi a binne, kuma ina tsoron in bar shi a ƙasar da ko sunansa ba za a iya faɗa ba. Ya ce duk wanda na zaɓa ba zai taɓa yi min gori ba, amma in son ransa ne, yana so ya ga fuskar ɗansa ko sau ɗaya.

Na yi kwanaki ina juya maganar. Ina zuwa lab ina ƙirga ɗigon 'ya'yan wasu. Ranar da na fara jin motsinsa ina cikin ɗakin duhu ne, wani ɗan zillo kamar kifi a kwano. Na kashe madubin na hau sama na gaya wa Dakta Marta zan tafi.

Da nake haɗa kaya na tambayi Iya labarin gadon. Ta ce mijinta ya sassaƙa shi lokacin cikinta na fari. Yarinyar da ta haifa ba ta dawo daga asibiti ba, ba a ma nuna mata ita ba, kuma ba ta sake haihuwa ba. Na ce har yanzu tana jin kukan nan na ɗakina? Ta ce tun ranar da na san ina ɗauke da shi ya daina. Ni ma da na saurara, sai na tarar na daɗe ban ji ba. Ta cire farin zanen daga gadon ta ninke ta cusa a akwatina. A tasha ta sumbaci goshina, sannan ta sunkuya ta yi wa cikina magana da yarenta. Ban kunna wayar ba.

Na sauka Kano, motar haya ta bi da mu ta Azare, ina jin kowane rami a bayana. Da muka shigo Potiskum na ga tireloli jere a bakin hanya, hawaye ya zubo min. A Yindiski kuwa gida ya cika. Hajiya ta ga cikin ta rangaɗa guɗa da kanta, tsohuwa da ita, tana cewa ashe Turai na je ɗauko mata miji. Zainab ta kwantar da kunne a cikina. Mun yi shawara da Malam Bukar kada mu faɗa wa kowa, don Hajiya tana da hawan jini, kuma ba mu san ta inda za mu fara ba.

Wannan zaman ya fi min zaman Hungary wuya. Mata suna shigowa da 'yan riguna da hula, ana gardamar ragon suna, Hajiya ta sa an tara itacen wankan jego. Ni ina murmushi ina karɓa. Wani lokaci in ɗaga ido in haɗa da na Malam Bukar a tsakar gida, kowa ya kau da kai. Rannan Hajiya ta riƙe hannuna ta ce, "Adama, ke ba kya murna ne? Ko sanyin can ya shiga zuciyarki?" Na ce gajiya ce, Hajiya.

An haife shi da rai. Ɗan ƙarami ne, hannayensa a dunƙule, yatsu sun hau juna yadda na gani a littafi. Kukansa siriri, yana ɗaukewa yana dawowa. Ungozoma ta dube shi ta dube ni, na ce mata na sani. Malam Bukar ya yi masa huɗuba a kunne, ya daɗe yana kallon fuskarsa, ya ce hancin mahaifinsa ne. A ranar muka gaya wa Hajiya. Ba ta yi kuka a gabanmu ba. Ta ce, "Kuka bar ni ina ta rawa?" Sannan ta karɓe shi, kuma kusan ba ta sake ajiye shi ba.

Ya kai suna. An yanka rago, an sa masa Usman, Zainab tana kiransa Ɗan Turai. Nono ba ya iya kamawa, da sirinji nake ɗiga masa. Bai kai arba'in ba. Ya tafi da rana tsaka a cinyar Hajiya, ana kiran azahar, ni ina wanke sirinjin.

Bayan na gama wanka na koma aikina na da, benci ɗaya, kujera ɗaya. Dakta Marta ta rubuto tana tambaya ko zan nemi wani gurbin, na ce ba yanzu ba. Ranar awo mata sukan yi layi har waje, daga cikin gari da Mamudo da ƙauyukan kewaye. Kwanan baya wata yarinya mai cikin fari ta zauna a gabana ta miƙo hannu, tana kau da kai don tsoron allura. Da kwalbar ta cika ta dube ta, ta ce, "Anti, wai gaskiya ne a jinin nan ana iya ganin abin da mutum zai haifa?"

Na riƙe kwalbar, da ɗuminta a tafin hannuna. Na san baƙin nan suna ciki.

Na ce, "A wasu wuraren ana gani. Mu nan yawan jininki kawai za mu duba."

Ta yi dariya ta ce, "Gara haka." Ta danne audugar, ta gyara mayafi ta fita, na kira ta gaba.